Rigar tsamiyar kakanmu: in sa mata almakashi ko in bari?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Inna, ta rasu bara bayan Babbar Sallah a cikin birnin Zariya. Sai makon jiya Goggo ta iya buɗe akwatinta na ƙarfe, ta kira ni na je. Atamfofi shida muka tarar, tsofaffi amma ba su koɗe ba, da zanen saƙi biyu, da majanyi, da wani gwado da ya gama mutuwa. Can ƙasa kuma, naɗe cikin akoko, ga babbar rigar kakanmu Malam, wanda ya rasu tun ina goye. Tsamiya ce, mai aikin ɗinkin nan na gaba da ake kira aska takwas. Asu ya ci kafaɗar dama da wani gefe na bakin ƙasa, amma aikin gaba ko zare ɗaya bai tashi ba. Da na warware ta, ƙamshin turaren Inna ne ya fara dukana, sai da na nemi wuri na zauna.

Kun san sana'ata, jaka da rigar filo. Atamfa ɗaya na riga na yanka, na fitar da jaka uku, ga hotonsu nan. Niyyata game da rigar ita ce in cire aljihun da ke ɗauke da aikin in sa shi a gilashi, sauran jikin kuma in yi mana ƙananan jakunkuna, mu jikoki mata bakwai, kowa ta samu abin tunawa. Da Baffa ya ji, sai ya aiko mini cewa ranar da na sa almakashi a rigar ubansa, ba ni ba shi. Ni kuma gani nake in aka mayar da ita akwati, asu ne zai ƙarasa ta. Me kuka gani?

Ummi Malali:
Masha Allah Anti, jakunkunan nan sun yi kyau! Yanka abinki. Shekara nawa rigar nan tana kulle ba wanda ya ko tuna da ita? Yanzu da za a amfane ta ne kowa ya san ta ubansa ce.

Hajiya Kulu:
Ajiye almakashin nan tukuna, Maman Ilham. Ko kwana bakwai ne ki ba kanki. Abin da aka yanka ba ya komawa.

Anti Rabi:
Allah ya jiƙan Inna, ya sa can ya fi mata nan. Zan yi magana in na sauke tukunya, don ni abin ya taɓa faruwa da ni.

Baba Tela:
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya gafarta wa Inna da Malam. Na ƙara wa hotunan girma na duba. Shekara arba'in da wani abu ina kan keke, tun a tsohuwar Kasuwar Barci ta Kaduna kafin a rushe ta a 2020, kuma irin wannan riga ba ta fi biyar ba da ta taɓa shiga hannuna.

Juya ta ki duba ciki. Ba yadi ba ne da aka yanko daga bandir. Ƙwarya-ƙwarya ce, siraran saƙa da kowace ba ta wuce faɗin yatsa biyu ko uku ba, aka jera su aka haɗa da allura ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙwarya tana da bakinta da masaƙi ya rufe mata. Muddin bakin nan yana nan, tana iya shekara ɗari. Ranar da kika gitta mata almakashi kuwa, zare zai fara zarewa, kuma keke ba ya riƙe shi, don haƙorin keke da matsatsen ɗinki su ne ma ke ƙara tsinka tsohon zare. Jakar da za ki yi da ita, in ta yi shekara biyu ana rataya ta yi ƙoƙari.

Saƙar hannu ba a yanka ta, warware ta ake yi.

Maman Ilham:
Baba na juya ta yanzu. Wallahi haka ne, ban taɓa lura ba. Na fara ƙirga layukan na ɓace. Kuma daga ciki ta bakin ƙasa an yi mata shafi da wani jan abu mai santsi.

Malam Haruna:
Wannan jan da kika gani, in dai mai ɗan shuɗi-shuɗi ne kamar furen albasa da ya nuna, to alharini ne. Ragowar siliki ce ta masaƙun Turai, ake rina ta, fatake su ƙetaro da ita Sahara ta Turabulus da Gadamas zuwa Kano, a nan mata su sake kaɗa ta a saƙa. Baturen nan Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan ke kaiwa har Tambutu da Murzuk.

Ita kanta tsamiyar ba auduga ba ce, da yawa cikinmu ba su sani ba. Wasu tsutsotsi ne ke taruwa su yi gida ɗaya a jikin itace, galibi itacen tsamiya, daga nan sunan ya fito. A tsinko gidan, a dafa shi da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, a sharce, sannan mace ta zauna da mazari da alli ta kaɗa. Launin ƙasa-ƙasan nan ba rini ba ne, haka Allah ya yi shi. Yarabawa na kiransa sanyan, saƙi kuma su ce etu, alharini su ce alaari. Ki lissafa hannun da suka taɓa rigar nan kafin ta hau jikin Malam: mai tsinko gida, makaɗiya, masaƙi, mai haɗa ƙwarya, mai zana aska, mai ɗinkin aiki, mabugi. Yau ko da kuɗi a hannu, haɗa waɗannan mutane bakwai aiki ne babba.

Ummi Malali:
Malam duk na ji, kuma na ƙaru. Amma tarihin nan ba zai hana asu ci ba. A gidanmu akwai akwatin Hajiyarmu da aka ce kar kowa ya taɓa, aka yi shekara tara. Da aka buɗe gari muka kwashe, ga tsatsa ta yi wa leshi taswira. Da an bar mu mun yanka, da yau akwai abin nunawa.

Sadiya Barnawa:
Ni ma ina bayan Ummi, kuma ina so a daina yi mana kallon masu lalata kayan iyaye. Sana'ar nan ba daga intanet muka koyo ta ba. Kakata zane ɗaya sai ya yi mata rayuwa huɗu: ta ɗaura shi zuwa biki, in ya kwana biyu ya koma na girki, in ya yage ta yanke mai kyaun ta yi majanyi, ragowar ya zama gammo ko tsumman sauke tukunya. Ƙyallen da tela ya zubar mu tsince mu yi wa 'yar tsana kaya, manya su haɗa su yi bargon yara ko su cusa a matashi. Riga ta huje a yi mata maho. Ba su san zubarwa ba, kuma ba su san ajiye abu don kallo kawai ba. To me ya sa in mu muka yi sai ya zama laifi?

Hajiya Kulu:
Sadiya, kakar taki zanen girki ta yanka. Kin taɓa ganin ta yanka rigar Sallar mijinta?

Sadiya Barnawa:
Ban gani ba Hajiya, gaskiya. Amma shi yana raye yana sawa. Wannan fa tun ana goyon Maman Ilham ba wanda ya sa ta.

Malam Shu'aibu:
Assalamu alaikum. Ku yi mini haƙuri, akwai tambayar da ta riga duk waɗannan, ban ga an yi ta ba. Rigar nan ta wace ce?

Tufafin mamaci dukiya ce, tana cikin gado kamar gona da gida. Mun saba a kwashe kayan sawa a yi sadaka da su ko kowa ya ɗauki abin da ya ga dama, amma hakan ba ya halatta sai da yardar duk magada, kuma in akwai maraya ƙarami a ciki, ba wanda ke da ikon yafe rabonsa. Malama, mahaifinki yana raye? Kuma da Malam ya rasu, an raba kayansa rigar ta faɗa hannun Inna, ko dai an bar mata ne kawai?

Maman Ilham:
Allah gafarta Malam, Abbanmu ya riga Inna rasuwa da shekara huɗu. Waɗanda suka rage Baffa ne da Goggo biyu. Maganar rabo kuwa sai na tambaya.

Malam Shu'aibu:
Allah ya jiƙansa. To ki saurara da kyau, kuma kar ranki ya ɓaci. In rigar ta zama ta Inna, ta hanyar rabo ko kyauta, to magadanta su ne 'ya'yanta da ta bari, Baffa da Goggonninki. 'Ya'yan ɗan da ya riga rasuwa ba sa gado in akwai ɗa namiji a raye. Amma in ba a taɓa raba ta ba tun rasuwar Malam, to mahaifinki ya gaji rabonsa a ciki tun a lokacin, rabon nan kuma ya gangaro kanku. Ko ta wace fuska dai, ba taki ba ce ke kaɗai, kuma Baffa yana da bakin magana.

Atamfar da kika riga kika yanka, wa ya ba ki?

Maman Ilham:
Babbar Goggo ce ta ce in kwashe duka.

Malam Shu'aibu:
To ki nemi yardar sauran biyun, abu ne mai sauƙi. Su ma a tuna musu aya ta 8 a Suratun Nisa'i, inda Allah ya ce in dangi da marayu da miskinai sun halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, a kuma faɗa musu magana mai daɗi. Ku zauna da malamin da ya san gado a can Zariya, ku zayyana masa komai.

Ummi Malali:
Allah gafarta Malam, wato ita da ta yi jinyar Inna tana iya tashi ba ko ƙyalle?

Malam Shu'aibu:
Ladan jinya yana wurin Allah, 'yata, kuma ba a rufe ƙofar kyauta ba. Abin da nake gudu shi ne a ɓata zumunci a kan abin da za a iya samu da roƙo.

Anti Rabi:
Na dawo. Maman Ilham, ni na yanka, kuma ba wanda ya hana ni, don ni kaɗai ce mace a wurin Mama. Zanenta na saƙi, baƙi mai ɗigon fari kamar jikin zabuwa, wanda ta je gidan miji da shi. Na kai aka yi mini rigar filo huɗu na jera a kujerun falo. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Shekara ba ta rufa ba yara suka zubar da shayi a ɗaya, yarinyar da ke taya ni aiki ta jiƙa su a omo ta wanke, shunin ya zuba, ɗinkin ya buɗe ta kusurwa. Kafin shekara uku ba ko ɗaya. Ranar da na ga guntun na ƙarshe a bakin murhu an sauke tukunya da shi, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarta.

Ba na cewa kar a yanka komai. Amma in za ki yanka abin da ba ki da na biyunsa, kar ki mayar da shi abin da ake zama a kai, ko ake jingina, ko ake ratayawa zuwa kasuwa.

Sadiya Barnawa:
Allah sarki Anti. Wannan kam na karɓa. Ni ma tsohon abu ba na sa shi a ƙasan jaka ko a hannunta, inda ke cin wuya. Fata nake sawa a nan, tsohon ƙyallen ya zauna a fuska kawai, da sabon akoko a bayansa yana ɗauke masa nauyi. Kuma ban da gam ɗin nan da ake mannawa da dutsen guga, in ya kama tsohuwar saƙa ba ya fita har abada.

Baba Audu Kakuri:
Salamu alaikum. Kowa ya tattara kan riga, an bar atamfa kamar ba komai ba ce. 'Yata, kafin ki ƙara yanka wata, duba bakinta inda ake buga rubutu, ki turo mini.

Maman Ilham:
Ga shi Baba. Biyu daga ciki an rubuta UNTL.

Baba Audu Kakuri:
To 'yan gida ne, UNTL masaƙa ce ta nan Kakuri, ita ta buga su. Shekara ashirin da uku na yi a ɗaya daga masaƙun nan, a sashen saƙa. Ku yara ba ku ga Kakuri ba lokacin da take Kakuri. Masaƙar Kaduna, wato KTL, ta fara aiki a 1957, Sardauna ne ya tsaya aka kafa ta tare da wani kamfanin Ingila, don audugarmu ta daina fita ɗanye. Bayanta aka yi masaƙar Arewa, da Nortex, da UNTL, da sauransu. In aka busa tashi, kekuna sai sun toshe titi. Shi kansa Adams Oshiomhole daga masaƙar Arewa ya fara harkar ƙungiyar ma'aikata. Sai ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai, ga injuna sun tsufa, ga atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa a rabin kuɗi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007.

Ba hana ki nake yi ba. Atamfa yadi ce, don a yanka aka yi ta, kuma auduga ce zalla, za ta ɗauki keke. Roƙona ɗaya: kar ki zubar da bakin nan mai rubutu. Ki ɗinka shi a cikin jakar, ta yadda duk wadda ta buɗe zif za ta gani. Kuma cikin biyun ki bar ɗaya cur.

Maman Ilham:
Wayyo Baba, na farkon na zubar. Bari in duba buhun ƙyalle, wataƙila yana nan.

Musa Panteka:
Tunda an zo maganar tsofaffin kaya, don Allah mata ku daina ba 'yan jari-bola kwanukan jeren iyayenku a kan kilo. Langa da fanteka da tiren nan mai fure, in fentin bai fashe sosai ba, muna huda tsakiya mu sa injin agogo, ko mu yi fitilar bango. Anini da kwabo mai huda kuma, irin na kafin a canja kuɗi zuwa naira a 1973, maɓalli suke yi mai kyau a bakin jaka, hudar tana nan ba sai an taɓa su ba. Akwatin ƙarfen ma a kawo a kankare tsatsa a yi masa fenti, amma kar a ƙara sa tufafi a ciki kai tsaye.

Hajiya Kulu:
Musa za mu buɗe maka zance na musamman gobe, ina da kumbo da samira cike da ɗaki. Yau dai mu gama da rigar nan.

Maman Fati:
Ni Banufiya ce daga Tudun Nupawa, kakana masaƙi ne a Bida. Riguna da yawa irin wannan a can ake saƙa su a kawo ƙasar Hausa, shi ya sa tsofaffi ke cewa rigar Nufe. Abin da nake so in ƙara a kan maganar Baba Tela: duba majanyin. In faffaɗa ne guda ɗaya ba haɗi, to saƙar mata ce, wadda ake yi a tsaye a jikin bango cikin gida. Ita ba ta da ƙwaryar da za a warware. Ki bar shi yadda yake, a goyi jikan Inna da shi.

Baba Tela:
Gaskiyarki Maman Fati.

'Yata, bari in faɗa miki yadda ni nake raba tsohon kaya in an kawo mini. Ina ɗaga shi in duba: in an gyara, mutum zai iya sawa ya fita? In zai iya, to bai zama kayan aiki ba tukuna, tufa ne, kuma ba na taɓa shi da almakashi ko nawa za a biya. In jikin ya ruɓe har yatsa na shiga, to ya mutu, a ceci abin da za a iya ceta. Na taɓa ɗauke aikin wata riga gaba ɗaya na ɗora a sabon jiki, don ita tata ta ƙare. Taku ba ta ƙare ba. Ɓarnar kafaɗa ana shimfiɗa mata ƙyalle ta ciki a bi da allura, kuma babbar riga ai naɗe hannu ake yi a kan kafaɗa, wurin ma ba zai fito ba. Bakin ƙasa kuwa shafi ya riƙe shi. A Zariya har gobe akwai masu ɗinkin hannu da suka gaji abin, su ya kamata su taɓa ta, ba keke ba.

Gwadon nan da kika ce ya mutu, shi ne naki na yanka. Zanen saƙi kuma ɗaga su a rana ki gani, wanda haske ke ratsa tsakiyarsa a warware shi.

Ummi Malali:
To Baba a gyara ta, sai kuma me? A mayar akwati? Ko Baffa zai sa?

Wani abu kuma Anti, tun da kika sa hoton nan na tabbata wani zai biyo ki ta bayan fage.

Maman Ilham:
Har mutum biyu sun yi mini magana, Ummi. Ɗaya ya ce in faɗi kuɗi.

Malam Haruna:
Kar ki kula su. Dillalai sun daɗe suna bin gidaje suna saye da araha su fitar waje. Irin rigunan nan suna gidajen tarihi na Landan da Amurka, 'ya'yanmu kuma sai a hoto.

Maganar asu da Ummi ke ta nanatawa gaskiya ce, kuma tana da magani. Ba malam-buɗe-littafin da kike gani ke ci ba, tsutsarsa ce, kuma ƙwai yana nan cikin ninki ko kin kakkaɓe. Masu adana kayan tarihi sanyi suke sa masa: a tabbatar rigar ta bushe ƙayau, a naɗe ta a akoko, a sa a leda a matse iska a ɗaure, a sa a firiza mai ƙanƙara sosai mako ɗaya zuwa biyu. In an fitar kar a buɗe sai ta huce da kanta, kwana guda. Daga nan a cire ta daga leda, don leda ba wurin ajiya ba ne, da damina ta yi nisa danshin Agusta zai sa ta fumfuna. Kar a wanke ta, kar a shanya a rana, kar kafur ya taɓa jikinta. A riƙa fitowa da ita sau biyu a shekara tana shan iska a inuwa, a canja wurin ninki. In kin samu sarari ki leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu ko Gidan Arewa, ki yi wa ma'aikatan tambaya.

Sadiya Barnawa:
Malam firizar da za ta yi mako biyu ba a ɗauke wuta ba, a ina?

Hajiya Kulu:
A gidana. Tawa a kan sola take, ta ƙanƙarar sayarwa. Zan kwashe gefe ɗaya in bar mata.

Bayan kwana tara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Na dawo daga Zariya jiya da dare, na ga bai kamata in yi shiru ba.

Na je da rigar na ajiye a gaban Baffa, na ba shi haƙuri a kan atamfa. Ya daɗe bai ce komai ba, yana shafa aikin. Sannan ya ce da ita Malam ya zo Kaduna kallon hawan daba na 1977, shi yana yaro yana riƙe da gefenta don kar ya ɓace cikin taro. Ya nuna mini daidai wurin. Ashe ba a taɓa raba ta ba. Da Malam ya rasu su huɗun suka haɗa baki suka bar wa Inna, don ta kan fito da ita ta shinshina ta mayar. Ban san wannan ba, da na sani da ban ko kawo maganar almakashi ba.

Ga abin da aka tsayar a gaban Goggo duka biyu da limamin unguwa. Riga ba za a yanka ba, ba za a sayar ba. Za a kai wa wani dattijo mai ɗinkin hannu da Baffa ya sani, kuɗin gyara mu jikoki za mu haɗa. Za ta zauna a wurin Baffa, duk jikan da zai yi aure ya sa ta ranar ɗaurin aure ya dawo da ita. Ƙanena ne na farko, bayan azumi in Allah ya kai mu. Atamfa da gwado da zane ɗaya an bar mini halak malak. Zanen na ɗaga a rana kamar yadda Baba ya ce, tsakiyarsa ta cinye. Ƙwarya goma sha shida ne, biyu sun lalace, saura sha huɗu, mu kuma bakwai.

Baba Audu, na samu bakin atamfar a buhu.

Ummi Malali:
Alhamdu lillahi da aka rabu lafiya. Ni dai har yanzu da aikin nan yana bango kowa na gani kullum, da ya fi mini a fito da shi shekara-shekara. Kuma jikoki mata fa, su ba sa sa babbar riga.

Maman Ilham:
Abin ya tsaya mini a rai ni ma, Ummi, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki hoton aikin da kyau, zan roƙi dattijon ya zana mini askar a sabon yadi in gwada koyon ɗinkin da hannuna.

Anti Rabi:
Ƙwarya bibbiyun nan me za ki yi mana da su? Na ce mana, don ji nake kamar da ni.

Maman Ilham:
Tunanina a ɗora su a bakin farin mayafi, ko a tsakiyar sabon majanyi. Baba Tela ne zai raba gardama.

Baba Tela:
Kawo shi shago ranar Asabar bayan azahar, in nuna miki yadda ake tsinke zaren haɗi ba a taɓa bakin ƙwarya ba. Ki zo da sabuwar reza da allura ƙarama, da akoko yadi uku. Ki wanke akokon sau biyu tun yau ya saki sitaci, in ba haka ba zai tsuke daga baya ya ja saƙin.

Hajiya Kulu:
Ki fara biyowa ta nan da rigar kafin a kai gyara, na riga na kwashe ƙanƙarar.

Sadiya Barnawa:
Baba ni ma zan zo in gani, akwai bunun kakata da na daɗe ina jin tsoron taɓawa.

Baba Tela:
Ku zo, amma kowa ta zo da kujerarta, benci ɗaya gare ni.